Jan Rai: Abin da Ke Sa Tsohuwar Waƙa Ta Ƙi Sakin Zuciya

Kawuna tela ne a Garwa ta arewacin Kamaru, ya fi shekara 40 a kan keke. Bai yi boko ba. Yana jin Hausa da Fillanci, sai ɗan Faransancin da zai yi ciniki da shi. Amma a wayarsa akwai katin waƙoƙi da wani yaro ya zuba masa, rabinsu da Ingilishi, da Lingala, da Indiyanci. Wata rana bayan azahar ina zaune a shagonsa sai muryar Whitney Houston ta taso, waƙar nan tata ta 1992, I Will Always Love You. Na ce, "Kawu, kun kuwa san abin da matar nan take faɗa?" Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Oho mata. Kai dai yi shiru, ta kusa hawa." Ya ɗauke ƙafa daga kan keken, ya saurara. Kiɗan ya ɗauke ɗif, aka doki ganga sau ɗaya, sai muryar ta dawo sama da inda take a da. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka biya tsohon bashi, ya koma ɗinkinsa.

Wannan magana tasa, "ta kusa hawa", ita ta zaunar da ni yin wannan rubutu. Mutum bai san ma'anar kalma ko ɗaya a cikin waƙa ba, amma ya san inda za ta tsaya, ya san inda za ta tashi, har yana dakatar da sana'arsa don kada wurin ya wuce shi. Ke nan akwai wani abu a ginin waƙar da ke magana da shi ba tare da tafinta ba. Ina nufin waƙoƙin zamani na faifai da rediyo, waɗanda Turawa ke kira pop, musamman tsofaffin da suka ƙi mutuwa. Hukuncin sauraron kiɗa hurumin malamai ne, ban shiga can ba. Abin da ke faruwa tsakanin lasifika da kunne nake so mu warware.

A ganina sirrin bai wuce jan rai ba. Waƙa mai kyau tana yi wa kunne alkawari tun daga farko, sannan ta ƙi cikawa da wuri. Kamar budurwa ce da yaro ya shigo ya ce ana sallama da ita, ta san wanda ke ƙofar gida, za ta kuma fita, amma sai ta tsaya gyara ɗaurin ɗankwali. Da ta fita nan take da zancen ya yi araha. Da ta ƙi fita gaba ɗaya da saurayin ya kama gabansa. Gwanintar tana wurin sanin tsawon jiran da zai ƙara daɗi bai kai ga ɓacin rai ba.

Kuma lokacin da aka ba mawaƙin faifai ya yi wannan jan rai ɗan kaɗan ne. Faifan garmaho na da, mai juyawa sau 78 a minti, yawanci gefe ɗaya nasa ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 3 da 'yan kai. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45, shi ma yawanci waƙa ɗaya a kowane gefe, gidajen rediyo kuma suka saba da wannan awo. Mamman Shata kan iya jan waƙa ɗaya a wurin biki har sai ya ga dama, yana ƙari yana ragi gwargwadon yadda fili ya yi. Na faifai ba shi da wannan sarari, matsin ya koya masa tattali. Babu inda aka kai Motown a wannan tattali, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a birnin Ditroit na Amurka a 1959. Gordy ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci, sai ya tsara waƙa irin tsarin can: masu rubutawa daban, makaɗa daban, masu rerawa daban, sannan a zauna duk mako a tace abin da zai fita kasuwa. Har gwada waƙoƙin suke yi a ƙaramar lasifika irin ta rediyon mota, don su ji ko za su yi armashi a wurin wanda ba shi da babban injin sauti. Shi ya sa har yau irin waɗannan waƙoƙi suke fita tas a rediyon mai shayi mai batir biyu.

To, da me ake yin alkawarin? Kiɗan Turawa yana tafiya a kan tsani mai hawa 7, na 8 ya maimaita na farko a sama. Hawa na farko shi ne gida. Idan mai jita ko fiyano ya danna sauti 3 a lokaci guda sai su ba da dunƙulen amo ɗaya, kuma kowane dunƙule da yadda kunne ke jin sa. Wanda aka gina a kan hawa na 1 natsuwa ne, mutum yana zaune a ɗakinsa. Na hawa na 4 kamar fitowa zaure shan iska ne. Na hawa na 6 yana da duhu-duhu, kamar hadari ya tare rana. Na hawa na 5 kuwa shi ne fitinannen: tsayuwa ce a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya a sama, kunne ba ya samun sukuni sai an sauke ta. Ɗimbin waƙoƙin da suka yi tashe a duniya a kan waɗannan huɗun suke zagayawa, daga 1 zuwa 5 zuwa 6 zuwa 4, a sake komowa. Mai shakka ya gwada wannan: ya rera waƙar da kowa ya sani a cikin jama'a, ya yi shiru kafin sautin ƙarshe. Sai an sami wanda ya ƙarasa masa, ko da ba ya so, don barin ta a rataye yana damun kowa.

Mu a gargajiyarmu ba a tara sautuka haka. Mai goge ko garaya layi ɗaya yake bi, galibi a kan tsani mai hawa 5. Amma jan ran yana nan, wurinsa ne ya bambanta. Yana tsakanin jagoran waƙa da 'yan amshi. Jagora ya ja baiti, ya ƙara kirari, ya yi kamar zai saki sai ya sake kamawa, kalangu na ta matsa masa, 'yan amshi sun buɗe baki suna jira, 'yan kallo ma haka. Idan ya saki, amshin ya faɗo, sai ka ji fili ya ɗauka. Waƙar faifai ta Turawa haka take da baiti da amshi, sai dai sukan ƙara wani ɗan sashe kusa da ƙarshe da suke kira gada, inda waƙar ke bauɗewa ta bi wata hanya dabam don a yi kewar amshin kafin ya dawo. 'Yan Indiya suna da mukhda da antara, wato amshi da baiti. 'Yan Kwango kuwa, irin su Franco da ƙungiyarsa OK Jazz da aka kafa a 1956, sun raba waƙa biyu: rabin farko a hankali ana ba da labari, sannan a ɓalle da seben, jitoci su shiga tsere, mai zaune ya miƙe. Makaɗan Njamena sun sha a wannan rijiya tun zamanin Chari Jazz a shekarun 1960, kuma duk wanda ya san Les Jaloux Saboteurs ta Maître Gazonga, wadda aka naɗa a Abijan a 1984, ya san yadda ake jiran wurin da jita za ta kwance.

Hawan da Kawu ke jira wata dabara ce ta musamman. A kusa da ƙarshe sai a ɗauki gidan dungurungum a ɗora shi sama da hawa ɗaya. Karin bai sauya ba, kalmomin ma haka, amma komai ya ƙara tsayi, mai rerawa kuma dole ya ƙara ƙoƙari, kunne na jin wannan ƙoƙarin a muryarsa. Turawa cikin zolaya suna kiran abin canjin giyar direban babbar mota. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a hawan dutsen nan na hanyar Ngaundare ya san ƙarar: ɗan shiru, sannan ruri. Waƙar da na ambata ma ba ta Whitney ba ce tun asali. Dolly Parton ce ta rubuta ta, ta fitar a 1974, tana ban kwana da Porter Wagoner, abokin aikinta na shekaru. Tata a sanyaye take daga farko har ƙarshe. Whitney ta fara tata da murya zalla, kusan daƙiƙa 45 babu kiɗa ko ɗaya, ta riƙa ƙari kaɗan-kaɗan, ta ajiye shirun nan da bugun gangar har sai da aka ci minti 3 da 'yan kai. Ƙyalle ɗaya ne, ɗinki ya bambanta. Ni dai ba kowane lokaci wannan dabara ke burge ni ba, don mawaƙa da yawa suna jawo ta ne idan basira ta ƙare musu, kamar mai miya da ya rasa nama ya ƙara barkono. Amma inda aka yi ta a kan ƙa'ida, tsikar jiki sai ta tashi.

Tashin tsikar nan an auna shi. A 2011 wasu masana a Jami'ar McGill ta Kanada, Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗan da ke tayar musu da tsika. Suka ga ƙwaƙwalwa na sakin dofamin, sinadarin da ke da alaƙa da jin daɗin abinci da samun lada. Abin da ya fi ja hankalina shi ne sau biyu ake sakin: wani sashe na ƙwaƙwalwa yana saki daidai wurin da daɗin ya kai ƙarshe, wani sashen kuma tun daƙiƙoƙi kafin a iso wurin. Wato jiran da kansa lada ne. Lokacin da Kawu ya ɗauke ƙafa daga keke, ya riga ya fara karɓar kason farko. Nan ne kuma za a gane dalilin da sanin abin da ke tafe ba ya kashe waƙa. Labari idan an faɗa maka ƙarshensa ya lalace. Waƙa sai ka san ƙarshenta sannan za ka iya jiransa.

Don haka ne maimaici ya zama ƙashin bayan sana'ar. A 1995 Diana Deutsch, wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Kalifoniya, tana gyaran wata magana da ta naɗa, sai ta bar guntun jimla ɗaya yana ta maimaituwa. Can sai ta ji kamar wata mata ce ke rera waƙa, alhali muryarta ce, magana ce zalla. Maimaici kaɗai ya mayar da zance waƙa. Amshi na farko baƙo ne, na biyu ka gane shi, na uku kuwa da kai ake yi, ko da a zuci. Waƙar ta ɗauke ka aiki a cikin 'yan amshinta ba tare da ta nemi izininka ba. Bugun ma yana taimakawa: ana ƙidaya huɗu-huɗu, amma ganga da tafi suna sauka da ƙarfi a kan na 2 da na 4, inda kunne bai zata ba, sai jiki ya motsa don ya cike gurbin.

Sai kuma abin da Turawa ke kira ƙugiya, irin ta masunta a Binuwai. Mu muna da kalmar da ta fi tasu dacewa, wato take. Ɗan dambe yana jin takensa a kalangu zai fara tsuma tun ba a ambaci sunansa ba. Kowace tsohuwar waƙa da ta rayu tana da ɗan guntun sauti irin wannan, daƙiƙa 3 ko 4, wanda da ka ji shi ka san ita ce. A nan Kamaru ba ta da na biyu wajen ba da misali. A 1972 ƙasar nan ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, mai busa saksafon ɗin nan Manu Dibango ya yi wa gasar waƙa. A bayan faifan aka sa wata don cike gefe, Soul Makossa. Kwango Brazabil ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, waƙar gasar ta bi ruwa. Ta bayan faifan kuwa ta faɗa hannun masu sa kiɗa a Niyok, a 1973 ta shiga jerin waƙoƙin da ke tashe a Amurka. Me ke cikinta? Saksafon, da bugu, da ɗan wasa da gaɓoɓin kalmar makossa, sunan kiɗa da rawar mutanen Duwala. Wannan ɗan wasan Maikal Jaksin ya ɗauka ya rufe waƙar farko ta kundinsa Thriller a 1982. Dibango ya nemi haƙƙinsa, aka sasanta a wajen kotu. A 2007 guntun ya sake ɓullowa a wata waƙar Rihanna. Haka Zangalewa, wadda ƙungiyar Golden Sounds ta dogarawan fadar shugaban ƙasa ta fitar a 1986, ta koma amshin waƙar Shakira ta gasar kofin duniya a 2010. Miliyoyin da suka rera waɗannan gutsattsari a Turai da Asiya ba su san abin da suke nufi ba, kamar yadda Kawu bai san na Whitney ba. An yi canjaras.

Shin kowane ɗan Adam ne aka haifa da wannan kunne, ko koyo ne? Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi ambata a kan wannan tambaya a ƙasarmu aka yi shi. Thomas Fritz na Cibiyar Max Planck da ke Jamus ya hau duwatsun Mandara wurin Mafawa, ya nemo waɗanda ba su taɓa jin kiɗan Turawa ba. Ya sa musu guntayen kiɗan fiyano, ya ba su hotunan fuskoki, mai murna da mai baƙin ciki da mai tsoro, su nuna wadda ta dace da abin da suka ji. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna suna dacewa fiye da yadda canki-canka zai bayar, amma ba su kai Turawan da aka gwada ba. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne akwai tushe da kowa ke da shi: mai murna yana sauri, mai baƙin ciki yana jan ƙafa, muryarsa ta yi ƙasa, kiɗa kuma yana kwaikwayon haka. Sauran sabo ne. Kunnen Kawu ya yi karatu ba tare da ya sani ba, a Rediyon Garwa, da tashar Africa N°1 da ta fara watsa shiri daga Gabon a 1981, da kaset ɗin da ake juyawa da biro idan batir ya yi sanyi.

Ga wanda ke jin harshen kuma, kalmomin suna da tasu dabara. Waƙar fada ko ta attajiri suna take kamawa, da sunan uba, da gari, da kyautar da aka yi. Ta mai ita ce, kai ɗan kallo ne. Waƙar soyayya ta faifai ba ta cika kama suna ba, "ni" da "ke" kawai. Ɗakin haya ne da babu kaya a ciki, kowa ya shigo da tabarmarsa. Ga kuma makirfo, wanda ya shigo harkar naɗar faifai a 1925. Kafin nan sai mawaƙi ya ɗaga murya cikin wani ƙaho. Bayan nan ya sami damar yin raɗa, ana jin numfashinsa da rawar muryarsa, kamar da kai kaɗai yake magana. Prince Nico Mbarga, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, mahaifiyarsa 'yar Najeriya, ya haɗa waɗannan duka a Sweet Mother ta 1976: jita irin ta Kwango, Ingilishin kasuwa mai sauƙi, da batun da babu wanda ba shi da rabo a ciki, wato uwa. Kamfanin EMI ya ƙi karɓarta, wani ƙaramin kamfani a Anaca ya fitar, ta zagaye Afirka.

Inda nake rabuwa da dattawanmu shi ne cewar da suke yi waƙa ta ƙare daga zamaninsu. Zamaninsu ma an yi tarkace, an manta ne. Shekaru sun sheƙe ƙaiƙayin, tsabar ce ta iso mu, mu kuma muna gwada ta da hatsin bana da ba a ko sussuka ba. Sannan masana sun daɗe da lura cewa abin da tsoho ya fi tunawa dalla-dalla shi ne abin da ya same shi tsakanin shekara 10 zuwa 30. Waƙar da ta riski mutum a wannan tsakani tana manne da zancen farko, da tafiyar farko a jirgin ƙasan dare daga Ngaundare zuwa Yawunde, da abokin da ya riga shi gidan gaskiya. Hawayen da ke zuwa idan an sa ta, rabinsu ba na mawaƙin ba ne.

Amma akwai inda suke da gaskiya, kuma an auna shi. Wani bincike da Hubert Léveillé Gauvin ya buga a 2017 ya duba waƙoƙin da suka yi tashe a Amurka daga 1986 zuwa 2015, ya ga shimfiɗar kiɗan da ake yi kafin murya ta shigo ta ragu daga sama da daƙiƙa 20 zuwa kusan 5. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A manhajar sauraron waƙa ta Spotify sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 kafin a ƙidaya ta cikin abin da za a biya, yatsan mai waya kuwa yana kan allo a shirye. Wanda ke tsoron a tsallake shi ba ya jan rai, amshinsa yake zubewa tun a bakin ƙofa. Da kaset, tsallake waƙa wahala ce da cin batir, dole ka jira, jiran kuma ya zame maka jiki.

Ranar da nake ba da labari, almajirin Kawu, yaro ɗan shekara 16, ya karɓi wayar ya ce bari ya ji abin da ake ta yabo. Ya mayar da waƙar farko. Muryar ta fara ita kaɗai, ba ganga ba jita. Bai kai daƙiƙa 20 ba ya ce, "Baba, wannan ai ba kiɗa a ciki," ya kai yatsa zai wuce. Kawu ya miƙo hannu ya karɓe wayarsa, ya ajiye ta can gefen keke inda hannun yaron ba zai kai ba, ya tura masa riga da allura ya ce ya zauna ya sa maɓalli.